Kwalejin Shekara Biyu Da Martabar Aikin Kula Da Numfashi A Amurka

A kowane babban asibiti na ƙasar Amurka, da zarar an yi shelar gaggawa cewa zuciyar wani majinyaci ta tsaya ko numfashinsa ya ɗauke, akwai wani ma'aikaci da ke cikin sahun farko na masu isa bakin gado, kuma wurin tsayuwarsa sananne ne, wato daidai kan majinyacin. Wannan ma'aikaci ba likita ba ne, ba kuma ma'aikacin jinya ba. Abin da aka damƙa masa shi ne iskar da ke shiga huhu da wadda ke fita daga cikinsa. Shi ke saita na'urar taimakon numfashi, shi ke ɗibar jini daga jijiyar wuyan hannu domin auna yawan oksijin da ke cikinsa, shi ne kuma ke tsaye a kan jaririn da aka haifa bakwaini wanda huhunsa bai gama ƙwari ba. Ana kiran sa jami'in kula da numfashi, kuma akwai irinsa fiye da 130,000 a ƙasar. Abin da ya sa muka ga ya dace mu yi tsokaci a kansa shi ne, mafi yawan masu wannan aiki ba ta ƙofar jami'a suka shigo ba. Sun faro ne daga kwalejojin al'umma, wato makarantun nan na shekara biyu da ake samu birni da ƙauye a ƙasar.

Ra'ayinmu a wannan shafi shi ne, martabar da waɗannan ma'aikata suka samu ta ginu ne a kan wani tsani da aka shafe shekaru fiye da 70 ana kafa masa matakala. Matakalar farko tana ƙasa sosai, yadda ɗan talaka zai iya taka ta, sa'an nan babu wanda ya yanke tsanin a tsakiya ya ce wanda ya faro daga ƙasa iyakarsa ke nan. Duk mai son ya fahimci yadda mutum ke fitowa daga ƙaramar kwaleji har ya zama abin kwatance a fanninsa, to ya dubi wannan tsani. Haka kuma duk mai son ya gane abin da ke damun matsakaitan ma'aikatan lafiya a ƙasarmu, zai amfana da duban sa.

Asalin sana'ar ba abin alfahari ba ne. A shekarun 1940, abin da ake buƙata daga masu wannan aiki shi ne ƙarfin damtse, domin aikinsu bai wuce tura manyan tukwanen iskar oksijin daga ɗakin ajiya zuwa gadon majinyaci ba, su ɗaura masa abin shaƙa, su koma su jira wani kiran. Mafi yawansu a bakin aiki suka koyi abin da suka sani. A shekarar 1947 wasu daga cikinsu, tare da wasu likitoci da ma'aikatan jinya, suka kafa ƙungiya a birnin Shikago. Masu iya magana sun ce suna linzami ne, kuma tarihin sunan wannan ƙungiya ya ishi mai nazari. Da farko sunanta yana nuni ne ga shaƙar da majinyaci iska. A 1973 aka sauya shi ya koma nuni ga maganin cututtukan numfashi. A 1986 aka sake sauya shi zuwa kula da numfashi baki ɗaya, sunan da ake taƙaitawa da AARC har yau. Kowane sauyin suna ya biyo bayan faɗaɗar aikin ne da ƙaruwar ilmin da ake buƙata kafin a yi shi. A 1960 kuma aka kafa hukumar da ke yi wa ma'aikatan jarrabawa da rajista, wadda daga baya ta zama hukumar NBRC.

Abin da ya ɗaga sana'ar daga aikin ƙarfi zuwa aikin ilmi shi ne zuwan na'urar da ke yi wa mutum numfashi. A 1928 Philip Drinker da Louis Shaw na Jami'ar Harvard suka ƙera abin da aka riƙa kira huhun ƙarfe, wani dogon akwati da ake shigar da majinyaci ciki, kansa kawai ke waje. Amma babban darasin daga ƙasar Denmak ya fito. A 1952 annobar shan-inna ta afka wa birnin Kofenhagen, cutar tana shanye tsokar numfashi, alhali asibitin Blegdam da ke karɓar masu cutar huhun ƙarfe ɗaya tak yake da shi. Daga cikin mutum 31 na farko da numfashinsu ya shanye, 27 sun rasu. Wani likitan sa barci mai suna Bjorn Ibsen ya ba da shawarar a riƙa huda maƙogwaro a sa bututu, a hura iska cikin huhu da jakar roba. Da yake babu na'urar da za ta yi wannan, sai aka ɗauko ɗaliban likitanci kimanin 1,500, suna karɓa-karɓa dare da rana suna matsa jakar da hannu. Mace-macen suka ragu ƙwarai da gaske. Daga wannan ne aka samu ɗakin kula da masu matsanancin ciwo irin na zamani, kuma da na'urori suka maye gurbin hannun ɗalibai, sai aka ga tilas a samu wanda ya san na'urar ya kuma san huhun da take hurawa.

Amurka ta zaɓi ta ware wannan aiki ya zama sana'a mai zaman kanta, haka ma Kanada da Saudiyya da wasu ƙasashe, alhali a Ingila ma'aikatan jinya da likitocin gashi da na sa barci ne suka raba shi a tsakaninsu. Da aka zo neman inda za a horar da ma'aikatan, sai nauyin ya faɗa a kan kwalejojin al'umma. Waɗannan makarantu suna da tsohon tarihi. Ta farko cikin na gwamnati ita ce kwalejin Joliet da ke jihar Ilinoi, wadda aka buɗe a 1901 da ɗalibai shida kacal. A 1947 wani kwamiti da Shugaba Harry Truman ya kafa kan ilmi mai zurfi ya ba da shawarar a yawaita irinsu, kuma rahotonsa ne ya yayata sunan kwalejin al'umma. Yau akwai kimanin dubu a faɗin ƙasar. A zangon karatu na 2023 zuwa 2024, matsakaicin kuɗin makaranta a cikinsu ya kama dala 4,000 a shekara ga ɗan yankin, alhali na jami'ar gwamnati ya haura dala 11,000 ga ɗan jiha. Ɗalibansu sun haɗa da iyaye mata masu goyo, da sojojin da suka ajiye kaki, da baƙin haure da suka samu izinin zama, da magidantan da masana'antarsu ta rufe suka dawo neman sabuwar sana'a.

Kada mai karatu ya ɗauka arha ta sa karatun ya zama na wasa. Kafin a karɓi ɗalibi cikin shirin kula da numfashi, sai ya ci darussan share fage irin su ilmin sassan jiki da aikinsu, da kimiyyar sinadarai, da ilmin ƙwayoyin cuta, da lissafi, kuma guraben kaɗan ne, domin yawansu ya dogara da yawan asibitocin da za su karɓi ɗalibai koyon aiki. Bayan an shiga, sai a koyi yadda zuciya da huhu ke aiki tare, da magungunan da ake shaƙa, da karanta sakamakon gwajin iskar jini, da sarrafa na'urar numfashi, tare da ɗaruruwan sa'o'i a bakin gadon majinyata a ƙarƙashin idon tsofaffin hannu. Akwai kuma hukumar tantancewa mai suna CoARC da ke bin kowane shiri da ido, tana duba adadin ɗalibansa da ke cin jarrabawar ƙasa, kuma tana iya janye amincewarta daga makarantar da ta yi sake.

Wannan jarrabawa ta ƙasa ita ce ginshiƙin dukkan lamarin. Wanda ya yi shekara biyu a kwalejin al'umma da wanda ya yi shekara huɗu a jami'a, takarda ɗaya suke zama su amsa, kuma maki ɗaya ake nema daga kowannensu. Tsarin da aka daɗe ana bi shi ne, wanda ya kai ƙaramin maki ya samu shaidar CRT, wanda kuma ya kai babban maki ya cancanci shiga jarrabawa ta biyu, inda ake gabatar masa da labarin majinyaci mataki-mataki a kwamfuta, yana yanke hukunci yana ganin sakamakon hukuncinsa, in ya ci ya samu shaidar RRT. Da wannan shaida ake neman lasisin aiki, wanda a ƙalla jihohi 49 cikin 50 suka wajabta. Tun 2015 jihohi irin su Kalifoniya da Ohayo suka daina ba sabon shiga lasisi sai yana da babbar shaidar. Ke nan shawarar farko ga duk mai son ya yi fice ita ce kada ya yada zango a ƙaramar shaida. Ya nemi babbar tun karatu bai huce a kansa ba. Ita kanta shaidar ba ta dindindin ba ce, domin waɗanda suka same ta daga 2002 zuwa yau sai sun sabunta ta duk shekara biyar.

Mataki na biyu shi ne zaɓen fanni. Sabon ma'aikaci yakan fara ne da zagayen ɗakunan kwanciya, yana ba masu asma da masu toshewar hanyoyin iska magani. Daga nan hanyoyi suke rabuwa. Akwai shaidar ƙwarewa ta musamman a kula da manya masu matsanancin ciwo, akwai ta jarirai da ƙananan yara, akwai ta gwajin ƙarfin huhu, akwai kuma ta cututtukan barci, irin wanda numfashi ke yankewa mutum yana minshari. Wasu suna shiga ayarin da ke ɗauko majinyaci da jirgin sama mai saukar ungulu, inda babu likita a kusa kuma dole a yanke shawara nan take. Wasu kuma su ne ke zama a gaban na'urar nan da ke fitar da jinin majinyaci waje ta zuba masa oksijin ta mayar da shi jiki, sa'ad da huhu ya gaza gaba ɗaya. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan matakai a buɗe yake ga wanda ya fito daga kwalejin shekara biyu, muddin ya yi aikin kuma ya ci jarrabawar. Ta fuskar samu ma ba a baya suke ba, domin hukumar ƙididdigar ƙwadago ta ƙasar ta nuna cewa a 2023 matsakaicin albashinsu ya kai dala 77,960 a shekara.

Sai dai tara takardu kaɗai ba ya sa a ce mutum ya yi fice. Abin da ke bambanta gwani da mai bin umarni shi ne sanin dalilin abin da yake yi, da bibiyar sabon ilmi. Misalai biyu sun isa. An daɗe ana hura wa masu mummunan kumburin huhu iska mai yawa, bisa zaton hakan ya fi. A shekarar 2000 aka buga sakamakon wani babban bincike da aka yi a asibitocin Amurka a kan majinyata 861, wanda ya kwatanta hura mililita 12 a kan kowane kilo na nauyin jiki da hura mililita 6. Mace-mace sun kai kusan kashi 40 cikin 100 a rukunin farko, suka sauka zuwa kashi 31 a na biyu. Ba wani sabon magani aka ƙirƙiro ba, lamba ce aka sauya a jikin na'ura, kuma mai sauya wannan lamba a kowace rana shi ne jami'in kula da numfashi. Kafin wannan, a 1996, Dokta Wesley Ely da abokan aikinsa sun nuna cewa idan ma'aikatan numfashi da na jinya suna duba majinyaci kullum bisa rubutacciyar ƙa'ida, suna gwada ko zai iya numfashi da kansa, to zamansa a kan na'ura yana raguwa daga kwana shida zuwa huɗu da rabi. Irin waɗannan bincike ne suka sa likitoci suka fara sakar wa ma'aikatan mara, suna barin su yanke wasu hukunce-hukunce da kansu.

Misali na uku ya fi shafar mu kai tsaye. Akwai ƙaramar na'urar da ake maƙala wa a yatsa domin auna oksijin ɗin jini, wadda injiniyan Jafan Takuo Aoyagi ya gano dabararta a farkon shekarun 1970. A watan Disamba na 2020 masu bincike a Jami'ar Mishigan suka bayyana cewa na'urar ta fi yin kuskure a kan baƙar fata. Cikin majinyatan da ta nuna iskarsu lafiya lau, gwajin jini ya tona cewa kusan kashi 12 cikin 100 na baƙaƙen fata suna cikin ƙarancin oksijin, alhali a fararen fata adadin bai kai kashi 4 ba. Ma'aikacin da iyakar saninsa karanta lamba zai wuce irin wannan majinyaci ya tafi. Wanda ya ƙware kuwa zai dubi yadda ƙirji ke ɗagawa da yadda mutum ke haki, ya ce a ɗebi jini a tabbatar. Irin wannan basira daga karatu da daɗewa a bakin gado take zuwa, ko daga wace makaranta mutum ya fito.

Mataki na uku shi ne komawa aji. Wanda ke son shugabantar sashe, ko koyarwa, ko bincike, ko wucewa zuwa wani babban fanni na aikin asibiti, sai ya cike karatunsa zuwa digiri. A nan ne tsarin Amurka ya nuna hikimarsa, domin ba a ce masa ya koma aji ɗaya. Shekara biyun da ya yi ana lissafa masa su, shaidarsa ta RRT ma ana ba ta daraja, ya ƙarasa sauran yana aiki, galibi ta intanet, kuma asibitoci da yawa suna taimakawa da kuɗin makaranta. Har ma wasu kwalejojin al'umma sun samu izinin ba da digirin da kansu. Lokacin da jihar Kalifoniya ta yi doka a 2014 ta ba wasu kwalejoji 15 damar gwada ba da digiri, biyu daga cikinsu, Skyline da Modesto, kula da numfashi suka zaɓa. Bayan digirin farko akwai na biyu da na uku, kuma Jami'ar Jihar Ohayo ta buɗe shirin digiri na biyu da ke horar da ma'aikacin numfashi mai babban matsayi, wanda zai yi aiki kafaɗa da kafaɗa da likitan huhu.

Ba za mu yi wa mai karatu adalci ba idan muka ɓoye ɗacin aikin. Ana yin sa ne sa'o'i 12 a jere, dare da rana, ranar hutu da ranar biki. Idan likitoci da dangi suka yanke shawarar cewa babu sauran amfanin na'ura, sau da yawa jami'in numfashi ne ke cire bututun. A lokacin annobar korona, musamman a birnin Niyok cikin watannin Maris da Afrilu na 2020, su ne ke tsaye dab da bakin majinyaci lokacin sa bututu, wanda yana cikin ayyukan da suka fi yaɗa cutar. A wancan lokaci gwamnatoci suka yi ta rububin sayen na'urorin numfashi, har kamfanonin ƙera motoci irin su Ford da General Motors suka shiga ƙera su. Ba a jima ba aka gane cewa ƙera na'ura ya fi horar da mai sarrafa ta sauri nesa ba kusa ba. Da yawa daga cikin ma'aikatan sun gaji sun bar aikin bayan annobar, kuma har yanzu albarkar da ake sa wa likita da ma'aikacin jinya ta fi wadda ake sa musu, domin jama'a da dama ba su ma san da su ba.

A cikin sana'ar kanta akwai muhawarar da ta daɗe, kuma ita ce ainihin abin da ke kan faifai. Ƙungiyar AARC ta bayyana burinta cewa nan da 2030 duk sabon shiga ya kasance yana da digiri. A 2018 hukumar tantancewa ta fara aiki da wata ƙa'ida da ta nemi sababbin shirye-shiryen horarwa su zama na digiri, tare da barin tsofaffin na shekara biyu su ci gaba. Hujjar masu wannan ra'ayi tana da ƙarfi. Ilmin da ake buƙata ya ninku, shekara biyu ta yi masa kaɗan, sa'an nan masu haɗa magunguna da likitocin gashi a ƙasar duk sun ɗaga matakin shigarsu zuwa digirin dokta, wanda kuwa ya tsaya a baya ba a jin muryarsa a teburin shawara. Masu adawa kuma suna cewa asibitocin karkara sun dogara ne kacokan a kan kwalejin da ke kusa da su, kuma uwar 'ya'ya uku da ke aikin kanti ba za ta iya barin garinsu ta tafi jami'a shekara huɗu ba.

Mu dai a ganinmu, kowane ɓangare ya riƙe rabin gaskiya. Ya kamata a ƙara wa tsanin tsawo, a kuma ƙarfafa wa kowa gwiwar ya hau, har a ɗaure ƙarin girma da ƙarin karatu. Amma sare matakalar farko kuskure ne babba. Hujjarmu ita ce jarrabawar nan ta bai ɗaya. Tun da akwai ma'auni guda da kowa ke hawa, kuma 'yan kwalejin shekara biyu suna hawansa suna wucewa, to babu dalilin rufe musu ƙofa sai in an nuna cewa majinyatansu sun fi shiga haɗari. Idan kuwa ma'aunin ne ya yi sauƙi, sai a tsaurara shi ga kowa. Sana'ar da ta tashi daga tura tukunyar iska ta kai inda ta kai ne saboda ta bar ƙofarta a buɗe ga mai himma, kuma ba daidai ba ne waɗanda suka riga suka haye su janye tsanin daga 'yan baya.

To, ina ruwan mai karatu a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri da wannan batu? Ruwansa biyu ne. Na farko, cututtukan numfashi suna cikin manyan masu kisa a ƙasar nan. Asusun UNICEF ya ƙiyasta cewa a 2018 ciwon nimoniya ya kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar 162,000 a Nijeriya, adadin da ya fi na kowace ƙasa a duniya a wannan shekara. Ga tarin fuka, ga hayaƙin itacen girki da mata da yaran goye ke shaƙa kullum, ga ƙurar hunturu da ke tayar da asma. Gwamnatin tarayya ta fitar da tsarin wadata asibitoci da oksijin a 2017, kuma a watan Agusta na 2020 Amurka ta ba Nijeriya kyautar na'urorin numfashi 200. Tambayar da ba mu cika yi ba ita ce, wa zai sarrafa su da ƙarfe biyun dare, wa zai gane cewa bututu ya toshe, wa zai san lokacin da ya kamata a rage iska ko a ƙara? A asibitocinmu wannan nauyi yana kan likitocin sa barci da ma'aikatan jinya da likitocin gashi, waɗanda su ma ba su wadata ba, ga kuma ƙaurar da suke yi zuwa ƙasashen waje.

Na biyu shi ne yadda muke kallon takardar da ba ta jami'a ba. Kowa ya san bambancin da aka daɗe ana nunawa tsakanin mai babbar difiloma ta HND da mai digiri, a matakin ɗaukar aiki da kuma iyakar inda mutum zai kai. Majalisar tarayya ta zartar da ƙudirin soke wannan bambanci a 2021, amma bai samu sa hannun shugaban ƙasa na lokacin ba. Sakamakon wannan hali shi ne, iyaye sun gwammace ɗansu ya yi shekara uku yana zaman jiran gurbin jami'a da ya shiga kwalejin fasaha ko makarantar kimiyyar lafiya. Har 'yan'uwanmu da ke zaune a Amurka wasunsu kan ji nauyin faɗa wa dangi cewa ɗansu yana kwalejin al'umma, alhali wataƙila shi ne zai riga ɗan jami'ar tsayawa da ƙafarsa, kuma ba tare da tulin bashin karatu ba. Ba wai ba mu da tushen irin wannan tsani ba ne. Ma'aikacin lafiya na al'umma a nan yana iya tashi daga ƙaramin mataki zuwa babba, har ya kai jami'in lafiyar al'umma. Matsalar ita ce tsanin gajere ne, kuma wanda ya so tsallakawa zuwa jami'a sau da yawa sai ya ga shekarun da ya yi yana aiki ba su ƙara masa komai a lissafi ba.

Ba muna kira a kwafo tsarin Amurka ɗungurungum ba ne, domin kuɗin da suke kashewa a kan lafiya ba namu ba ne, kuma buƙatarmu ta fi karkata ga oksijin da na'urar auna shi a ƙananan asibitoci fiye da manyan na'urori masu tsada. Abin da muke kira gare shi ya fi haka sauƙi. Asibitocin koyarwa na Arewa, tare da makarantun kimiyyar lafiya na jihohi da hukumar NBTE mai kula da ilmin fasaha da ke Kaduna, suna iya tsara horo na musamman a kan kula da numfashi ga ma'aikatan jinya da na lafiyar al'umma da ke bakin aiki. A sa masa jarrabawa guda ta ƙasa wadda ba ta tambayar daga inda mutum ya fito. A ɗaure ta da ƙarin girma da alawus, domin horon da ba ya ƙara wa mutum komai ba ya jan kowa. Sa'an nan jami'o'inmu su yarda su riƙa lissafa wannan horo da shekarun aiki ga mai son ƙarasa digiri. Duk gwamnan da zai sa hannu a kwangilar sayen na'urorin numfashi ko gina wurin sarrafa oksijin, ya kamata majalisar jiharsa ta tambaye shi nawa ya ware domin horar da waɗanda za su yi aiki da su, kuma su wane ne, a wace makaranta, zuwa wane lokaci.